Ka Hau da Ita Kan Rami Kafin Ka Yi Lodi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Nafi'u, shekara shida ke nan har da ɗoriya rabona da gida, tun ranar da na bi motar albasa daga Kura na sauka a nan Fatakwal da jaka ɗaya a kafaɗa. Ina gaishe ka, ina gaishe da Ummanka da ƙannenka. Allah Ya sa ruwa yana zuwa muku a kanal a kan kari, Ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ni dai ina nan da rai. Baya ne kawai ke damuna, shi ma mun saba da juna.

Na san za ka ce ga waya, me ya kawo takarda. Wayar ce ba ta yi mini. Duk abin da na faɗa sai ka ce "To Baba, to Baba," kafin in kai ƙarshen magana kati ya ƙare, kuma ban san wa ke zaune kusa da kai yana ji ba. Wannan kuwa za ka karanta ta kai kaɗai, ka ajiye, ka sake karantawa idan ranka ya huce.

Habu Dogo, direban nan na unguwarmu, ya kawo tumatir kasuwar da nake dako makon jiya. Ni na sauke masa kwandunan da kaina. Da muka zauna wurin mai shayi sai ya ce, "Garba, tsohon direba, ɗan dakon zamani, ka ba ni goron albishir. Ɗanka ya zama mai mota. Baffansa ya ba shi akori-kura, bana shi zai riƙa kwasar kayan Kadawa zuwa Abuja, can ma zai kama ɗaki." Ya zaro waya ya nuna mini hotonka, kana jingine da mota shuɗiya, fenti sai ƙyalli yake, ka naɗe hannu kamar wani ɗan kwangila. Na yi murna, wallahi na yi. Ka yi tsawo, ka ɗauko fuskar kakanka. Sannan na dubi motar da kyau, shayin ya fita daga raina.

Nafi'u, motar nan tawa ce. Ita ce wadda ta karye da ni. Fara ce a da, amma na san ƙofar direban da ba ta zama daidai, na san ƙarfen da na sa aka ƙara a bayanta don kwando ya hau hawa uku. Bayan abin da ya faru na sayar wa Yaya Sule, Baffan naka, ita a kan za a farfasa a sayar da kayan. Ashe ajiye ta ya yi a bayan injin shinkafarsa, rana ta dake ta, damina shida ta sauka a kanta, bana ya kira mai walda da mai fenti. Habu ya ce har takardun an gama, Ɗanlami ya kawo su gida. Da na ji sunan Ɗanlami sai na tashi na sayi biro.

Kana yaro lokacin, abin da ka sani kawai shi ne Baba ya yi hatsari ya bar gari. Bari ka ji yadda aka yi tun daga farko, don ba a hanyar Kaduna abin ya soma ba.

Na sayi motar nan a tsakiyar kakar tumatir, don lokacin ne kuɗi ke shiga hannun manomi. Kowa a wajenmu haka yake yi. Abin da ban lura ba shi ne, takardar lafiyar mota shekara guda take yi, daga ranar da aka ba ka ita. To ka ga duk shekara ƙarewarta za ta zo daidai lokacin da tumatir ya nuna a kowace gona daga Kadawa har Bunkure, manoma na tsaye a ƙofar gidanka tun asuba, wannan na cewa nasa zai ruɓe, wancan na haɗa ka da Allah. Wane direba ne zai ɗauki yini guda cur a irin wannan lokaci ya shiga birni da mota babu kaya, ya bi layi? Babu. Shi ya sa ba ka taɓa ganin motar tumatir a wurin gwaji ba. Ba don dukanmu miyagu ne ba. Ranar ce ta faɗo a mugun wuri, mu kuma ba wanda ya yi tunanin matsar da ita.

Kai ka matsar da taka. Wannan karon dole ka yi yanzu, kafin kaya. Amma idan damina ta sauka, shinkafa na cikin ruwa, mota na zaune babu aiki, ka koma ka ce a sake duba ta a ba ka sabuwa, ko da ta hannunka ba ta ƙare ba. Ka tambaye su yadda ake yi. Za ka yi asarar 'yan watanni sau ɗaya, daga nan kullum gwajinka zai riƙa zuwa lokacin da ba wanda ke tsaye a kanka. Da wani ya faɗa mini wannan, da yanzu ina gida.

Sau ɗaya na taɓa kai ta gwaji na gaskiya, a shekara ta biyu. Shi ma da dabara na je. Muna da wata al'ada mu direbobin tashar Kura: taya huɗu masu kyau da tukunyar kashe gobara guda, mu uku muke da su. Wanda zai je gaban jami'ai sai ya ɗaura, ya dawo ya kwance ya ba na gaba. Muna ganin mun fi kowa wayo. Na ɗaura, na wanke motar a bakin kanal har tana ɗaukar ido, na tafi.

Suka duba fitilu, suka duba hon, suka murza sitiyari, suka sa na taka birki, duk lafiya. Sai aka ce in hau kan rami. Dogon rami ne na siminti, mota na tsayawa a samansa, mutum ya shiga ƙasa da tocila ya ga cikinta. Wani dattijo ya sauka da ƙaramar guduma. Ina jin ƙwas, ƙwas, sai kuma na ji wani sauti kamar an bugi busasshiyar ƙwarya. Ya fito yana kakkaɓe jar ƙasa daga hularsa.

Ya ce, "Malam, me kake ɗauka?"

Na ce, "Tumatir ne, ranka ya daɗe."

"In za ka dawo fa?"

"Takin zamani, in an samu."

Ya ce, "To su biyun suna cin motarka ta ƙasa. Zo ka gani."

Na sauka. Abin da yake kakkaɓewa ba ƙasa ba ce, tsatsa ce. Ka san yadda kwandon da ke ƙasa yake matsewa a hanya, ruwan ya yi ta tsiyaya ta tsakanin katako. Wannan ruwan mai tsami yana sauka ne a kan dogon ƙarfen da ke riƙe da motar gaba ɗaya, wanda makanikai ke kira casis, da kan bututun man birki da ke bin gefensa. Ga taki yana zuba a kan jiƙaƙƙen wuri, ga laka ta kanal ta liƙe ta rufe kome. Mu kuwa sama muke wankewa, inda mutane ke gani. Dattijon ya ce in je a kankare, a ƙara ƙarfe, a canza bututu, in dawo. Bai nemi kwabo a wurina ba, wannan zan shaide shi ko a gaban wa. Na san a cikinsu akwai masu miƙo hannu, na haɗu da su a hanya ba adadi, amma wannan bai miƙo ba.

Ka san me na yi? Fushi. Na yi asarar lodi guda, ga shi ba takarda. Na dawo tasha ina zage-zage, ina cewa mutumin so yake a ba shi na goro ya rasa yadda zai faɗa. A nan Ɗanlami mai takardu ya same ni, da jakarsa a hammata, yana dariya. Ya ce, "Haba Garba, wa ya aike ka? Mota ce ke da ƙafa ko takarda? Takarda ai ita ake kaiwa, ba mota ba. Kawo tsohuwar, jibi ka karɓi sabuwa, ko injin ba sai ka kashe ba." Jibin kuwa ya kawo, da hatimi da kome. Daga nan duk shekara shi ke kawo mini har ƙofar gida. Ban sake ganin ƙarƙashin motata ba.

Don haka ka ji ni da kyau. Takardar da Ɗanlami ya kai wa Baffanka, ban ce ta jabu ce ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba wanda ya shiga ƙarƙashin motar kafin a rubuta ta. Za ta iya wuce da kai shingen jami'ai. Ba za ta riƙe ƙarfe ba.

Ranar da abin ya faru rana ce tsaka, ba gudu nake ba, ba gyangyaɗi. Kayan manoma da dama ne a baya, kuma Iliya na zaune a gaba kusa da ni. Ka tuna Iliya, mutumin Filato da ke hayar gona a Bunkure, baban su Rifkatu, wanda matarsa Saratu ke aiko wa Ummanka doya lokacin Kirsimeti. Ya biyo kayansa ne don ya sayar da kansa. Bayan mun wuce Zariya na faɗa wani rami a kwalta, irin wanda nake faɗawa kullum. Sai na ji ƙara a bayan kujerata, motar ta lanƙwashe a tsakiya kamar an naɗe tabarma. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa babu kome. Muka gangara gefe, ta kwanta ta ɓangaren Iliya.

Ni ƙujewa kawai na yi. Shi ƙugunsa ya karye. Tumatir ya malale a kwalta, awaki suka zo suna ci, mutane na ta salati. Jami'in da ya zo ya karɓi takardun, ya karanta, ya tsuguna ya taɓa wurin da ƙarfen ya rabu, ya murtsuke shi da yatsa kamar garin jar kanwa. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Ita dai wannan lafiyarta ƙalau." Ko wata guda ba ta yi a hannuna ba.

Na je duba Iliya a asibiti, na kasa ɗaga kai. Shi ya fara magana. Ya ce, "Malam Garba, zauna mana, ba kai kaɗai ba ne. Ranar da muke lodi kwando ya faɗi, na durƙusa in ɗauka, na ga tsatsar nan da idona. Na yi shiru, don tumatir ɗina ya nuna, ba ni da wata motar." Har da 'yar dariya ya yi, ya ce, "Ka ga yanzu na huta da dashe." Har yau da sanda yake tafiya, Saratu ce ke shiga gona. Bai kai ni ƙara ba, bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da nake so ka ɗauka daga maganarsa shi ne, idan tumatir ya nuna ba wanda zai ce maka tsaya. Manomi ba zai ce ba, dillali ba zai ce ba, 'yan lodi ba za su ce ba. Kowa zai gani ya kau da kai, ba don ƙiyayya ba, don kowa na da abin da zai ruɓe masa. Kai kaɗai ne za ka iya cewa, kuma kafin lodi ake cewa, ba bayan an ɗaure igiya ba.

Mutanen gari kuwa, kowa ya zo jaje ya ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, ƙaddara ce. Amma da na nemi aron mota in ci gaba, waɗanda suka ce ƙaddarar su ne suka daina ba ni kaya. Waɗanda muke musayar taya da su suka riƙa tashi in na zauna a benci, kamar ba motocinsu ne a can suna zubar da tsatsa irin tawa ba. Wannan har yau yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai idan na kwanta na yi tunani, ni ma da kayana ne ba zan ba ni ba. Shi ya sa na tafi. Yanzu ni nake sauke kwandon da aka cika a gonakin da na sani, wani lokaci har ina gane ɗaurin igiyar mai shi.

Yanzu maganar inda za ka kai ta. Na daɗe da barin gida, ban san ko wurin da na je yana nan ba, ko an ƙara wasu, kuma ba zan ba ka kwatancen da zai ɓatar da kai ba. Na ji ma an ce yanzu wasu wuraren da na'ura suke gwada birki. Ga yadda za ka yi. Kada ka tambayi kowa a tashar Kura, duk wanda ka tambaya wurin Ɗanlami zai tura ka, ko wurin wani irinsa. Ka bar motar a gida, ka hau bas ka shiga birni, ka je ofishin masu duba lafiyar mota da ƙafarka. A bakin ƙofa wasu za su tare ka, "Yallaɓai, me za a yi? Kawo in taimaka." Ka gaishe su ka wuce. Ka shiga ciki wurin mai zaune a tebur, ka ce motar kaya gare ka, daga Kura kake, ina ne wurin gwaji mafi kusa da kai, wace rana suke aiki, nawa ake biya, a ina ake biya. Ka tambaya kuma ko motar haya sau ɗaya ce a shekara ko fiye, don na ji direbobi a nan suna cewa ba duk jihohi ne dokarsu ɗaya ba, kai kuma jihohi za ka riƙa ratsawa. In ka duba a wayarka ma babu laifi, ku kuka san wannan, amma kada ka yarda da wuri sai ka gan shi da ido. Alamar wurin gaskiya ɗaya ce: zai ce ka kawo motar, kuma yana da rami ko abin ɗaga ta sama. Wanda ya ce ka turo masa hoton takardu kawai, ka bar shi. Abin da ka biya kuma ka karɓi rasit.

Ranar da za ka je, ka je da ita yadda take. Kada ka ari taya, kada ka ari fitila, kada ka bari a shafa baƙin mai a ƙasa don a rufe walda. Idan mai dubawa ya sauka, ka nemi izini ka bi shi. Ka nuna masa wurin da kanka: bayan kujerar direba, ɓangaren hagu da dama, daidai inda kan mota ya haɗu da bodi. Ka ce masa, "A nan ta taɓa karyewa gida biyu." Ka faɗa da bakinka. Zai dube ka kamar mahaukaci, don ba a saba ba. Ka bar shi ya duba. Ka ce ya bi bututun birkin da tocila tun daga gaba har baya.

In ya ce ta yi, alhamdu lillahi. Mai yiwuwa mai waldar gwani ne, mai yiwuwa sabon ƙarfe suka sa, ban gani ba, ba zan yi masa ƙazafi ba. Sai ka shimfiɗa tamfol mai kauri kafin kowane lodi, kada ruwan kwando ya taɓa katako. Kada ka ɗora taki a jiƙaƙƙen bodi. In za ka yi wanki, ƙasa za ka fara, ka kwanta a ƙasa ka kankare lakar, sama ta jira.

In kuwa ya ce ba ta yi ba, to nan ne wahalar take, kuma saboda nan na rubuta duk wannan.

Na san wane ne Yaya Sule a wurinku. Shekarun nan duka shi ke aiko da buhun shinkafa, shi ya biya maka kuɗin koyon tuƙi, shi ya tsaya lokacin da ƙanwarka ta kwanta asibiti ni ina nan ina dako. Ba mugu ba ne. Shi mutumin inji ne, a ganinsa duk abin da aka yi wa walda ya koma sabo, kuma da zuciya ɗaya ya ba ka. Zai ce, "Kai yaro, ubanka ne ke zuga ka daga can? Shi da ya gudu ya bar ku?" Zai faɗa, na san bakinsa tun muna yara, kuma rabin maganar gaskiya ce. Kada ka mayar masa. Ka durƙusa ka ce, "Baffa, na gode, Allah Ya saka da alheri. Amma masu dubawa sun ce ba ta ɗaukar kaya, kuma Baba ya ce bai yarda in hau ba." Ka ɗora mini laifin duka. Ni na riga na saba, ɗan ƙari ba zai karya ni ba.

Manoma za su zo. Za su ce tafiya ɗaya kawai, za su ce rabin lodi, za su ce a hankali za a je. Abokanka za su yi ta wucewa da kaya suna maka hon. Kakar bana za ta wuce ka kana kallo, ɗakin Abuja ya tafi, wataƙila buhun Baffanka ma ya daina zuwa na ɗan lokaci. Ban ce da sauƙi ba. Ni yini ɗaya kawai aka ce in ba da, na kasa. Kai kaka guda nake roƙon ka.

Allah Ya tsare ka a hanya da gida. Ya kiyaye ƙafarka da ta wanda zai zauna kusa da kai. Ya sa ka fi ni haƙuri. Ka gaishe da Ummanka, ka ce mata ban manta da rufin ɗakin ba. Ka gaishe da Baffanka da kyau. In ka bi ta Bunkure ka tsaya ka gaishe da Iliya, ka ce Garba na gaishe shi.

Ban san ko yunwa za ta bar mutum ya ce a'a ba, don ni ba ta bar ni ba. Saboda haka ga abin da na iya tarawa, na ba Habu Dogo ya kawo maka tare da wannan takarda. Naira dubu ɗari biyu da saba'in da na ajiye a wurin mai shagon da nake kwana a bayansa. Dubu sittin na adashen 'yan dako, na roƙa aka ba ni kwasata kafin lokaci. Tamfol sabo guda ɗaya. Na bar dubu huɗu a aljihuna. Shi ke nan abin da ke akwai.

Mahaifinka,
Garba